Yadda na bi matakan auna aidin a cikin ƙurar iskar Gombe

Na rubuta wannan ne saboda ɗaliban kemistiri masu digiri na biyu a Gombe da Bauchi da ke sha'awar bincike a kan iska da ƙura. Tun da na kare aikina ake tuntuɓa ta da tambayoyi iri ɗaya: a ina kika samo injin, wa ya sa miki hannu, ina kika kai samfurin, me ya fi cin kuɗi. Ni malamar sakandare ce a cikin garin Gombe, kuma bincikena ya shafi nau'o'in sinadarin aidin da ke maƙale a jikin ɓurɓushin da ke yawo a iska. Zan faɗi abin daki-daki yadda ya zo mini, ko wani ya huta da yawon da ba dole ba.

Asalin abin daga koyarwa ya taso. Duk shekara ina gaya wa yara cewa ƙarancin aidin ke kawo maƙoƙo, cewa babban mutum na buƙatar maikirogiram 150 a rana, mai juna biyu 250, kuma shi ya sa tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a Najeriya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kafin gishirin kamfani, ta ina ɗan aidin da ke cikin ƙasarmu da gerommu da dawarmu ke zuwa? Babban rumbun aidin na duniya teku ne, kusan maikirogiram 60 a kowace lita ta ruwansa, kuma ko gano sinadarin da Bafaranshe Bernard Courtois ya yi a 1811, daga tokar ciyawar teku ya same shi. Daga tekun yake tashi ya shiga iska, ya sauka a tudu ta ruwan sama ko ta ƙura. Da wannan tunanin na je wurin malamin da aka ba ni ya duba aikina. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Malama, tambayarki tana da kyau. Amma kafin ki rubuta mini ko layi ɗaya, je ki nemo wanda zai auna miki. Idan kin same shi ya amsa a rubuce, ki dawo mu zauna." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba sai na tattara samfurin ba tukuna?" Ya girgiza kai ya ce aidin ba ya jiran kowa. A ranar na fito raina a ɗan ɓace, don ina ganin an mayar da ni baya. Duk abin da ya biyo baya kuwa a kan maganar nan tasa ya tsaya.

Kafin in san wanda zan nema, sai da na zauna na fahimci abin da zan auna, kuma nan ne matakin da na fi so ɗalibi ya ba lokaci. A saman teku, musamman a yankunan zafi, akwai aidin narke a ruwa a wata siffa tasa da ake kira ayodaid. Idan iskar ozon, wani nau'in oksijin da ke cikin iska, ta taɓa fuskar ruwan sai ta haɗu da ayodaid ɗin, aidin ya tashi sama a matsayin gas. Lucy Carpenter ta Jami'ar York da abokan aikinta sun nuna a 2013 cewa wannan hanya babbar kafa ce ta aidin da ke cikin iskar teku. Ciyawar teku da ƙananan halittun ruwa su ma suna fitar da nasu. Hasken rana yana farfasa waɗannan gas cikin hanzari, aidin ya shiga cin ozon, abin da aka auna a fili a tashar binciken iska ta tsibiran Cape Verde aka buga a 2008. Daga ƙarshe sai ya manne a jikin ɓurɓushin iska, ko gishirin feshin teku, ko hayaƙi, ko ƙura. To a jikin ɓurɓushin nan, wanda ke narkewa a ruwa kashi uku ake raba shi: ayodaid, ayodet (aidin da ya haɗe da oksijin), da aidin da ya haɗe da sinadaran oganik, wato masu kabon irin na jikin halittu. Da can lissafin masana ya nuna ayodet ne zai tattaru kusan shi kaɗai, tun da shi ne mai zama daram, ayodaid kuwa zai sake komawa gas ya gudu. Da aka shiga jiragen ruwa aka auna a Tekun Atlantika, musamman ayyukan Alex Baker na Jami'ar East Anglia a Ingila, sai aka tarar da ayodaid da na oganik da yawa. Aka kuma lura ayodet ya fi zama a manyan ɓurɓushi, na oganik ya fi yawa a ƙanana, waɗanda ba su kai maikiromita ɗaya ba.

Abin da ya sa na ji aikin nawa ne, ba na mutanen bakin teku kaɗai ba, shi ne inda aka fi samun ayodet a saman Atlantika: cikin ƙurar Sahara. Bayanin da ake bayarwa shi ne ƙananan ɓurɓushi galibi suna da tsami, kuma a cikin tsami ayodet ba ya daɗewa, yana rikiɗa. Ƙurar hamada kuwa tana ɗauke da sinadarin kabonet da ke kashe tsamin, kamar yadda ɗan jiƙon kanwa ke kashe tsamin yakuwa a tukunya, don haka ayodet ke samun wurin zama a jikinta. Ƙurar da ake aunawa a tsakiyar teku, wani ɓangarenta ta kanmu take bi ta wuce. Sai na ce, to yaya take tun kafin ta ga teku?

Neman wurin awo ya ɗauke ni watanni, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Wurin farko da na je, wani ɗakin gwaji da ke auna gishiri, suka ce ai aidin aikinsu ne na kullum. Gaskiya suka faɗa, amma taitireshan da sitaci suke yi, wato ɗiga sinadari har launin ruwan ya sauya, wanda ya dace da gishiri mai aidin miligiram 30 zuwa 50 a kilo. Abin da ke cikin iska kuwa da fikomol, ma'aunin abu ɗan mitsitsi ƙwarai, ake ƙirga shi a kowace kubik mita, ƙanƙantar da wannan hanya ba za ta ko ji ƙamshinta ba. Wuri na biyu suna da injin AAS, mai kula da shi ya ce in kawo kawai. Kada ku kai. AAS na ƙarafa ne irin su dalma da ƙarfe, aidin ba ƙarfe ba ne. Akwai kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta CERT da ke Zariya, mai ƙaramin injin nukiliya na bincike, NIRR-1, da ke aiki tun 2004. Hanyar harba wa samfur niyutiron a wannan injin tana iya ba da jimillar aidin, sai dai ba ta rarrabe maka wannan ayodaid ne, wancan ayodet. Idan jimilla kake so, hanya ce mai kyau. Ni rarrabewa nake nema, wadda ke buƙatar injin da ke tsefe sinadarai ɗaya bayan ɗaya, wato IC, a haɗa shi da ICP-MS, injin da ke auna yawan sinadari komai ƙanƙantarsa. Samun wurin da ke da ICP-MS ma bai wadatar ba. Ka tambaye su yadda suke shirya samfur. Idan suka ce da asid na naitirik suke narkarwa, kamar yadda ake yi wa ƙarafa, ka yi musu godiya ka tafi, domin a cikin asid aidin tashi yake ya bi iska, ragowar kuma ya manne a bututun injin ya gurɓata awon da ke biye.

Da na ga abin ya faskara a kusa, Malam ya ce in rubuta wa masu binciken da nake karanta ayyukansu. Na ji nauyin hakan ƙwarai, ina ganin wa zai kula malamar sakandare daga Gombe. Ya gyara mini wasiƙar ta koma gajeruwa: ko ni wace ce, tambayata, inda Gombe take a kan hanyar ƙura, yawan samfurin da nake sa rai, da abin da nake roƙo. Yawancinsu shiru. Wasu suka amsa da ladabi cewa ba su da sarari. Can wata rana ina tsakiyar duba takardun jarrabawa saƙo ya shigo daga wata jami'a a Turai, wata mai bincike ta ce za su auna ba tare da na biya kuɗin awo ba, idan na yarda a yi aikin tare a buga tare, kuma na bi ƙa'idojinsu na ɗauka da adanawa sau da ƙafa. Sai da na tashi na yi sujjada. Ta aiko da shafuka na ƙa'idoji, ta kuma faɗi watan da injinsu zai samu sarari. Wannan watan shi ya zama ma'aunin da na jera komai a kansa, ina lissafi daga can ina dawowa baya.

Sai a lokacin na rubuta daftarin bincike na shiga layin karewa a gaban sashe. Takardun da aka nema su ne rasidin kuɗin makaranta na zangon, fom ɗin amincewa da take mai sa hannun malamina da mai kula da karatun gaba da digiri na sashen, da kwafin daftarin na kowane ɗan kwamiti. Ku kai kwafin da wuri, kada ku bari sai ana gobe, don wanda bai karanta ba shi ya fi tsananta tambaya. Tambayar da na san za ta zo ta zo daga bakin wani dattijon farfesa: "Ke 'yar nan, ina teku ina Gombe?" Na ce, "Ranka ya daɗe, teku tana da nisan sama da kilomita 600 daga nan, amma iskarta tana zuwa mana." Na nuna taswira. Da damina iskar kudu maso yamma ce ke taso mana daga Mashigin Gini ɗauke da danshi. Da hunturu kuwa iskar arewa maso gabas ce, mai kwaso ƙura daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon babban tafki, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi. Gari ɗaya, iska biyu, ɗaya ta fito daga ruwa ɗaya daga hamada. Na ce so nake in ga ko nau'in aidin yana sauyawa tsakaninsu. Da na ajiye wasiƙar amincewar ɗakin gwajin a kan tebur, sai tambayoyin suka koma na gyara, ba na ko aikin zai yiwu ba.

Bayan nan sai takardar yarjejeniyar miƙa samfur tsakanin jami'o'in biyu. Ban taɓa jin labarinta ba sai da aka aiko da ita. Ba ɗalibi ke sa hannu ba, ba malaminsa ba, hukumar jami'a ce. Ta tashi daga shugaban sashe zuwa shugaban tsangaya, zuwa makarantar gaba da digiri, zuwa ofishin lauyan jami'a, sannan magatakarda. Ba a biyan ko kwabo, amma tana cin lokaci fiye da komai. Abin da ya taimake ni shi ne a kowane ofis ina roƙon sakatare ya buga mini hatimin karɓa a kwafina, in rubuta lambar fayil da ranar da ya fita. Wata Hajiya a ɗaya daga cikin ofisoshin ita ta koya mini, ta ce, "Ƙanwata, takarda ba ta da ƙafa, ke ce ƙafarta." A cikin yarjejeniyar ku tabbata an rubuta wa zai mallaki sakamakon, sunan wa zai zo farko idan an buga, da cewa kana da damar sa alƙaluman a kundinka. Magana ce mai nauyin faɗa ga wanda ke yi maka alheri, amma su da kansu sun fi son a rubuta.

Injin zuƙar iska aro na yi daga wani ofishin gwamnati mai kula da muhalli. Shugaban sashe ya rubuta wasiƙa zuwa ga babban sakatare, aka tura wa darakta, darakta ya tura wa mai kula da sito. Na cike takardar alkawarin gyara idan ya lalace a hannuna, malamina ya tsaya mini. Injin irin mai zuƙar kusan kubik mita ɗaya a minti ne, yana cikin akwatin alminiyam mai rufi kamar jinka. A ƙasan kwalinsa muka tarar da farantin da ke raba manyan ɓurɓushi da ƙanana, yana naɗe a ledarsa ba a taɓa buɗewa ba. Ku duba wannan farantin tun a sito, domin in babu shi komai a filta ɗaya, wato matatar da ke kama ƙurar, zai taru, kuma rabin labarin aidin a bambancin girman ɓurɓushi yake. Ku kuma gwada ma'aunin gudun iskar kafin ku sa hannu. Idan ba ka san yawan iskar da ta ratsa filta ba, duk awon da za a yi maka a Turai ba shi da amfani, don da shi za ka raba. Gawayin motar lantarkin da ke cikin injin yana cinyewa, na sayi na ajiya a wurin masu gyaran janareta a kasuwa, kuma ya yi mini rana.

Wurin kafawa ma da takardarsa. Na zaɓi rufin wani bene na kankare a gefen gari, nesa da titi, da masu buga bulo, da wurin ƙona shara. Sai da na sami izinin mai kula da gine-gine da na shugaban masu gadi, aka rubuta sunana da na ƙanena a littafin ƙofa, don shi ke raka ni duk hawan da zan yi da asuba. Wuta ba abin dogaro ba ce, injin kuma dole ya yi ta aiki ba yankewa, saboda haka janareta na kawo. Hayaƙinsa abokin gaba ne. Na sayi doguwar waya na ajiye shi can ƙasa ta inda iska ke tafiya, ba ta inda take fitowa ba. Da hunturu kudu maso yammacin ginin, da damina kuma sai da muka ɗauke shi muka mayar ɗaya gefen, tun da iskar ta juya.

Filta ta gilashi aka ce in yi amfani da ita, ba ta takarda ba. Dalili shi ne wani aiki da aka buga a 2019 daga ɗakin gwajin Baker ya nuna filtar takarda, musamman idan aka jiƙa ta a bahon altrasonik, mai girgiza ruwa da ƙarfin sauti, tana iya sauya nau'in aidin tun kafin a auna. Masu yi mini awon su suka wanke filtocin, suka gasa su a tanderu, suka aiko kowace a naɗe ita kaɗai. Sharuɗɗan taɓa su masu tsauri ne: safar hannu marar hoda, hantsaki na roba, kuma kada a buɗe su a ɗakin da ake ajiye kwalbar aidin ko fotasiyam ayodaid. Ɗakin gwajin sashenmu yana da duka biyun, don haka a wani ofis da na goge tas nake ɗora filta, cikin babbar leda mai tsabta. Ko maganin ciwo mai aidin aka shafa maka a yatsa, ranar ba kai ba filta. Sannan akwai bilank, filtar da za ka hau da ita, ka ɗora a injin, ka cire ba tare da ka kunna ba, ka adana ta daidai da sauran. Ita ce shaidarka cewa aidin da aka gani daga iska ya zo, ba daga hannunka ko ledarka ba. Kada tsadar filta ta sa ka rage bilank.

Ɗaukar hunturu na fara a Disamba na kai Fabrairu. Ina bin hasashen hazo na hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, in na ji an ce ƙura ta taso sai in shirya. Kowace filta tana kwana ta wuni a kan injin. Ranar hazo mai ƙarfi, irin wanda rana ke fitowa fara fat kana iya kallonta da ido, idan na ɗaga murfin sai in tarar farar filtar ta koma kalar ƙasa-ƙasa mai haske, gefenta inda ƙarfe ya danne yana nan fari kamar an ja layi da rula. A kan farantin manyan ɓurɓushi kuwa ƙurar jeruwa take siri-siri, mai laushi, wadda ko numfashi ka yi da ƙarfi sai ta tashi. Nakan juya wa iska baya, in naɗe filtar gida biyu ƙurar tana ciki, in sa a takardar alminiyam, in sa a leda mai zif, in ƙara wata ledar, yatsuna suna karkarwa don sanyi. A littafi ina rubuta lokacin kunnawa da kashewa, gudun iska a farko da ƙarshe, da duk abin da na gani. Gudun yana raguwa idan ƙura ta toshe filta, shi ya sa ake rubuta biyun. Wata asuba na ga ɗigon baƙi-baƙi a filta, na leƙa ƙasa na ga toka. Mai gadi ne ke hura wuta yana jin ɗumi, kuma wa zai ga laifinsa a wannan sanyi? Na sauka na gaishe shi na ce, "Baba, don Allah alfarma nake nema, ko za a mayar da wutar bayan ginin can?" Ya ce, "Ai 'yata da kin faɗa tun farko, ban san abin naki yana shaƙar hayaƙi ba." Daga ranar shi ke hana masu share harabar ƙona ganye kusa. Filtar ranar na sa mata alama, ban jefar ba, na kuma gaya wa masu awon.

Ɗaukar damina, daga Mayu zuwa Yuli, ta fi wahala ta wani fannin. Filta takan fito kusan fara, har ka yi zaton ba ta kama komai ba, don haka nakan bar ta ta fi daɗewa. Idan hadari ya haɗu dole a kashe injin kafin feshin ruwa ya jiƙa ta, kuma guguwar da ke gaban ruwan farko tana tayar da ƙurar unguwa wadda ba ita nake nema ba. Don sanin ko iskar ranar daga teku ta fito da gaske, na yi amfani da HYSPLIT, manhajar bin sawun iska ta hukumar NOAA ta Amurka, kyauta ne a intanet. Kana sa inda kake da rana da awa, ya zana maka hanyar da iskar ta biyo kwanaki baya. Ranar da na fara ganin layin ya miƙe daga Gombe ya gangara kudu ya faɗa cikin Mashigin Gini, na daɗe ina kallon allon kwamfutar.

Adanawa ita ce ta fi hana ni barci. Ƙa'ida ita ce a daskarar da filta a digiri 20 ƙasa da sifili, cikin duhu, kada ta narke ta sake daskarewa. Firizar gidanmu ba za ta iya ba, ga ɗaukewar wuta, ga kifi a ciki, shi kuwa kifin teku aidin ne da shi. Maigidana ya haɗa ni da wani mai sayar da ƙanƙara da ke da firiza mai sola, na riƙa biyansa duk wata, ya ware mini lungu na sa akwatin roba mai murfi da kwaɗo. Na ajiye ma'aunin zafi mai nuna mafi girman abin da ya kai, ina dubawa duk zuwan da na yi.

Aikawa na yi sau biyu, na hunturu daban na damina daban, don kada na farko su daɗe. Kamfanin aika kaya ya nemi wasiƙar jami'a mai bayyana cewa filtocin ƙurar iska ne don bincike, ba na sayarwa ba, ba su da guba kuma ba su ɗauke da cuta, da kwafin yarjejeniyar, da wasiƙar masu karɓa, da takardar ƙimar kaya. Ku rubuta "ƙurar iska a kan filta", kada ku rubuta "ƙasa", don ƙasar noma tana da nata dokokin shiga ƙasashen waje masu tsanani. Na jera filtocin a kula, wato akwatin sanyi, tare da ledojin sanyi da suka daskare, na bi motar asuba ta Bauchi da Jos zuwa Abuja, kular tana kan cinyata ban yarda an sa ta a but ba. Ku aika ranar Litinin ko Talata, ku kuma tambayi masu karɓa ko akwai hutu a ƙasarsu, kada kaya su kwana a sito ƙarshen mako. Ta fuskar kuɗi, man janareta ne ya fi cin aljihuna nesa ba kusa ba, sai kuɗin aikawa da ake lissafawa da dala, sai hayar firiza da zirga-zirga. Kuɗin buga takardu da ɗaure kundi, da ɗalibai suka fi kuka da shi, shi ne mafi ƙanƙanta. Da a ce na biya kuɗin awon da kaina, albashina ba zai ɗauka ba.

Jiran sakamako ya yi tsawo, injinsu ya samu matsala aka ɗaga. Na yi ta fargabar ko kular ta yi zafi a hanya, ko bilank ya fito da aidin mai yawa aikin shekara ya rushe. A can sun yanki kowace filta, sun jiƙa a tataccen ruwa, sun jijjiga da inji a hankali maimakon bahon altrasonik, sun tace, sun auna jimillar aidin da ya narke, sannan ayodaid da ayodet. Na oganik ba a auna shi kai tsaye. Jimilla ake ɗauka a debe biyun, abin da ya rage shi ne. Ku riƙe wannan da kyau, domin kuskuren awo uku ne ke taruwa a kansa, har wani lokaci lissafin ya ba da ƙasa da sifili. Ba a goge irin wannan, ana rubuta shi yadda ya fito tare da iyakar kuskurensa. Bilank ɗina ya fito da sauƙi, alhamdu lillahi. Alƙaluman suna jiran bugawa tare da abokan aikin, amma a dunƙule, a ranakun hazo ayodet ya fi fitowa a manyan ɓurɓushi, abin da ya yi daidai da wanda aka gani a ƙurar Sahara a kan teku, wasu filtocin damina kuwa abin da ke cikinsu ya yi kusa da iyakar abin da injin ke iya gani. Mai jarrabawa na waje ya matsa mini a kan kada in ce na tabbatar tsami ne sanadi, tun da ban auna tsamin ɓurɓushin kai tsaye ba, kuma wuri ɗaya ne, shekara ɗaya. Na karɓi gyaran da hannu biyu, don gaskiya ce.

Ga mai shirin bin wannan hanya, abin da zan nanata shi ne jerin matakan. Wurin awo da farko, a rubuce, da watan da za su karɓa. Yarjejeniya ta biyu, a fara ta tun ana rani, domin hunturu sau ɗaya yake zuwa a shekara kuma ba ya jiran sa hannun kowa. Firiza kafin filta ta farko, ba bayanta ba. Nau'in aidin yana iya sauyawa a kan filta, da zafi, da haske, da irin ruwan da aka jiƙa ta, saboda haka duk kwanan da samfur ya yi yana jiran takarda, awonka ne ke raguwa. Idan za ka iya, ka roƙi a auna maka kalsiyam da salfet da sodiyam a ruwan filtar guda, su za su nuna maka wanne ƙura ce, wanne hayaƙi, wanne gishirin teku, kuma da su za ka amsa tambayar tsamin da aka yi mini. Wanda ke Bauchi ko Azare ko Bajoga ya maimaita aikin a can, zai ƙara abin da wuri ɗaya ba zai iya bayarwa ba. Injin kuma idan ka gama, ka wanke farantinsa, ka mayar da shi da kanka, ka karɓi takardar shaidar dawowa mai sa hannun mai sito, domin malamin da ya tsaya maka ba zai sa hannu a fom ɗinka na kammalawa ba sai ya gan ta.